Hayar Manhaja Ko Gina Taka? Shawara Daga Zauren Maɗinka A Birnin Zariya

Ana saura mako uku Babbar Sallah, wani tsohon ɗalibina ya yi mini sallama bayan La'asar, fuskarsa babu walwala. Mahaifinsa yana cikin masu sana'ar manyan riguna a cikin Birnin Zariya, sana'ar da suka gada kaka da kakanni. A da, mai son riga shi ke takowa har zaure, a gwada shi, ya zaɓi aikin da yake so, ko aska biyu ko aska takwas, ya ba da kafin alƙalami, a rubuta a littafi. Yanzu kuwa mafi yawan cinikin ta wayar hannu yake zuwa, daga Kano da Abuja da Legas, har da Yamai da Jidda. Wannan ya turo awonsa a saƙon murya, wancan ya turo hoton shaddar da yake so, wani kuma ya biya rabin kuɗi ta banki bai faɗa wa kowa ba. Ana cikin haka aka aika wa wani dattijo, wanda ya shekara ashirin yana ɗinki a gidan, rigar da aka yanka da awon wani. Dattijon bai yi faɗa ba, amma bai sake kira ba.

Yaron ya ce mini, "Allah Ya gafarta Malam, shawara biyu aka ba ni, kuma kowane mai shawara ya haƙiƙance tasa ce daidai. Ɗaya ya ce mu yi hayar manhajar kula da abokan ciniki, mu riƙa biya duk wata. Ɗayan ya ce asarar kuɗi ce, in ɗauki buɗaɗɗiyar manhaja ta kyauta in gina namu tsarin da hannuna. Baba ya ce ni na yi boko, ni zan yanke."

Na ga ya dace in kawo wannan magana a wannan fili, domin tambayar ba ta maɗinka ba ce su kaɗai. Shugaban makaranta da ke neman inda zai adana sakamakon jarrabawa, da mai kantin magani, da ƙungiyar manoma masu adashi, duk za su ci karo da ita. Ɗaliban da ke karanta wannan mujalla kuwa, nan da 'yan shekaru su za a riƙa tambaya.

Mene ne abubuwan nan biyu?

Kafin a zaɓa, wajibi ne a san abin da ake zaɓa, domin waɗannan abubuwa biyu ba jinsi ɗaya ba ne.

Manhajar kula da abokan ciniki gamammen aiki ce, wadda wani kamfani ya riga ya rubuta, yake kuma tafiyar da ita a kan nasa na'urorin. Aikinta shi ne tattara duk saƙonnin masu saye wuri guda, ko ta wace hanya suka shigo. Kowane koke ko tambaya sai ta ba shi lamba, ta nuna wanda aka ɗora wa alhakin amsawa, ta kuma riƙa tuni har sai an warware. Daga cikin sanannunsu akwai Zendesk, wadda aka kafa a birnin Kwafanhagen na ƙasar Denmak a 2007, da Freshdesk, wadda aka fara a birnin Chennai na Indiya a 2010. Galibi akan biya kuɗinsu wata-wata, gwargwadon yawan ma'aikatan da ke amsa saƙonni.

Shi kuwa ɗaya abin, harsashi ne. Duk manhajar da muke taɓawa a waya tana da fuska, wato abin da ido ke gani, tana kuma da bayan fage, inda ake ajiye bayanai, a tantance wanda ke da izinin shiga, a adana hotuna da takardu. Buɗaɗɗen dandamalin bayan fage, irin su Supabase da ta fito a 2020 ko Appwrite, yana ba mutum waɗannan ginshiƙai, sauran gini kuwa nasa ne. Ana ce masa buɗaɗɗe ne saboda ainihin rubutun umarnin da aka gina shi da shi a fili yake: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya ɗora a kan tasa na'urar ba tare da neman izinin kowa ba, muddin ya kiyaye sharuɗɗan lasisin.

Wannan aƙida ta buɗe rubutun manhaja ba yau ta fara ba. A 1983 Richard Stallman ya shelanta shirin GNU a Amurka. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, wanda a kansa aka gina Android da ke cikin wayoyin da yawancinmu ke riƙe da su. Rumbun bayanai na PostgreSQL, wanda Supabase ta dogara a kansa, ya samo asali ne daga wani bincike da aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986. Mai karatu ya lura: jami'o'i da ɗalibai suna da babban hannu a wannan tarihi.

A taƙaice, na farko kamar hayar shago ne a bakin kasuwa, da kanta da fitila da makulli, yau ka biya yau ka buɗe. Na biyu kuwa fili ne da tubali, ka gina yadda ka ga dama.

Lissafin haya

Ba na cikin masu raina haya. Wanda bai iya gini ba, ga kuma masu saye suna jira, shago yake bukata yau. Kamfanin da ya ba ka haya shi ke kwana a kan tsaro da gyara da sabuntawa, kai naka ciniki. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma haya tana da ƙaya biyu. Ta farko ita ce kuɗin waje. Yawancin waɗannan kamfanoni da dala suke sa farashi, mu kuma da naira muke ciniki. Bari mu yi lissafi na misali, irin wanda ɗan aji uku zai iya. A ce ana biyan dala 20 a wata kan kowane ma'aikaci, kuma mutum uku ne ke amsa saƙonni: dala 60 ke nan. A watan Mayun 2023, lokacin da farashin gwamnati yake wajen naira 460 kan kowace dala, kuɗin zai kama naira 27,600. A cikin 2024, bayan an saki naira kasuwa ta yi halinta, dala ta kai naira 1,500, sai kuɗin ya koma naira 90,000. Kamfanin bai ƙara ko sisin kwabo ba, amma nauyin ya ninka fiye da sau uku. Shin maɗinki zai iya ninka kuɗin riga sau uku a shekara guda?

Ƙaya ta biyu ita ce, mai shago yana iya cewa ka tashi. Akwai wani dandamalin bayan fage mai suna Parse, wanda dubban masu rubuta manhaja suka yi gini a kansa. Kamfanin Facebook ya saye shi a 2013, a watan Janairun 2016 ya ba da sanarwar zai rufe shi, ya kuma rufe a Janairun 2017. Abin da ya ceci mutane da yawa shi ne, kamfanin ya saki rubutun manhajar a buɗe, ta yadda kowa ya iya kwashe kayansa ya ɗora a wata na'urar. Da a rufe aka bar shi, da aikin shekaru ya bi ruwa. Ba banza ba Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Darasi daga ɗakunan karatu

Ba sai mun je Amurka neman misali ba. A shekarun 1990, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da tallafin rancen Bankin Duniya, ta samar wa ɗakunan karatu na jami'o'in tarayya wata manhajar sarrafa littattafai mai suna TINLIB. Niyya ce mai kyau, an kuma horar da ma'aikata. Amma da shirin ya ƙare, sai ɗawainiyar sabunta lasisi da gyara ta koma kan jami'o'in, ga ƙarancin ƙwararru, ga matsalar wutar lantarki. Sannu a hankali yawancinsu suka bar ta suka nemi wata.

A ɗaya gefen duniya kuma, a 1999, wata ƙaramar hukumar ɗakunan karatu a gundumar Horowhenua ta ƙasar Niyu Zilan ta sa aka rubuta mata manhaja, ta fara aiki da ita a farkon 2000, ta kuma sake ta a buɗe ga duk mai so. Suka sa mata suna Koha, kalmar da ke nufin kyauta a harshen Maori. Yau ɗakunan karatu da dama a jami'o'in Nijeriya da ita suke aiki. Abin da ya raya ta shi ne, duk wanda ya gyara wani abu yana iya mayar da gyaran ga jama'a, kuma ba a bukatar izinin wani ofishi a ƙetare kafin a taɓa ta.

Ƙasa kyauta ce, magini ba kyauta ba ne

To, kada ɗalibi ya karanta wannan ya tashi da zumuɗi ya ce an gama magana. Mu mutanen Zazzau mun fi kowa sanin halin ginin ƙasa. Masallacin Juma'a na Birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, da ƙasa aka yi shi, kuma har yau masana gine-gine na duniya suna jinjina wa bakan gizonsa. Ƙasar tana nan ko'ina, kowa na iya haƙa. Abin da ba ya samuwa ko'ina shi ne gwanin. Kuma kowane mai gidan ƙasa ya san in aka bar katanga babu yaɓe, damina biyu ta isa ta kwantar da ita.

Haka buɗaɗɗiyar manhaja take. Ba a sayar maka da ita, amma tana cin lokaci da ilimi. Dole a sami na'urar da za ta zauna a kai, wadda ake kira uwar garke. In a gida za a ajiye ta, sai an tanadi wuta mai ɗorewa. In haya za a yi, to wata hayar ce kuma, ko da yake akwai kamfanonin cikin gida da ke karɓar naira. Dole a riƙa ɗaukar kwafin bayanai ana ajiyewa a wani wuri dabam. Dole kuma a riƙa bin sanarwar gyare-gyaren tsaro. A 2014 an gano wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, buɗaɗɗiyar manhajar da ɗimbin shafukan intanet ke amfani da ita wajen ɓoye sirri. An fitar da gyara nan da nan, amma gyaran bai amfani wanda bai ɗora shi a na'urarsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma hatsarin da ya fi wannan kusa da mu, wato dogaro da mutum ɗaya. Yaron gida ya gina tsari mai kyau, duk sirrinsa yana cikin kansa, bai rubuta komai ba. Ran da ya tafi hidimar ƙasa ko ya sami aiki a Abuja, sai a wayi gari babu mai iya buɗe rumbun. Wanda ya guje wa dogaro da kamfanin ƙetare ya koma dogaro da yaro guda, bai tsira ba tukuna.

Bugu da ƙari, tun watan Yunin 2023 Nijeriya tana da Dokar Kare Bayanai. Sunan mutum da lambar wayarsa da adireshinsa amana ce a hannun wanda ya karɓa, ko a na'urarsa ya ajiye ko a ta haya. Ba a cewa laifin kwamfuta ne.

Ra'ayina

Ga inda na tsaya. Abin da kowa da kowa ke yi iri ɗaya, a yi hayarsa ko a ɗauki wanda aka riga aka gama. Abin da ya keɓanta da sana'arka, wanda in ya ɓace sana'ar ta durƙushe, wannan ka riƙe shi a hannunka.

Amsa saƙo iri ɗaya ne a Zariya da Landan. Babu hikima mutum ya ɓata wata shida yana sake ƙirƙiro abin da dubban ƙwararru suka riga suka goge. Har ma akwai buɗaɗɗun manhajojin kula da abokan ciniki, irin su osTicket da Chatwoot, ga wanda yake son gamammen aiki ba tare da lasisin wata-wata ba. Ƙaramin mai sana'a ma WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana iya isarsa ya jera saƙonni ya yi musu alama.

Amma da na zauna da ɗalibin nan muka bi diddigin rigar da ta ɓata, sai muka ga ba rashin amsa saƙo ne ya jawo ba. An amsa wa dattijon a kan lokaci, cikin ladabi. Abin da ya faru shi ne, babbar riga tana bi ta hannu da yawa: mai yanka, da mai zana aiki a jikin yadi, da mai ɗinkin hannu wanda sau da yawa mace ce a cikin gida a wata unguwa, da mai haɗawa, da mabugi. A tsakanin waɗannan hannuwa ne takardar awo ta musanya. Babu wata manhaja da aka rubuta a Denmak ko Indiya da ta san wannan tafiya. Abin da gidan ke bukata shi ne littafin aiki: awon kowane mutum, rigar da ke hannun wa, tun yaushe, nawa aka biya, nawa ya saura. Wannan shi ne dukiyar gidan, kuma ɗan ƙaramin rumbun bayanai ya isa ya ɗauke shi.

Saboda haka duk wanda ya sami kansa a wannan mararraba, ina ba shi shawara ya yi wa kansa tambayoyi huɗu.

Ta farko: ina ainihin ciwon yake? A rubuta matsalar a takarda da Hausa, cikin jimla biyu, kafin a ambaci sunan kowace manhaja. Mai sayar da magani ɗaya kowace cuta tasa ce.

Ta biyu: in na so tashi, zan iya kwashe kayana? Tun kafin a biya ko kwabo, a gwada fitar da bayanai gaba ɗaya cikin sigar da wata manhajar za ta iya karantawa. In ba a iya ba, ko sai an biya wani kuɗi mai yawa, a yi hattara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku: wa zai yi yaɓe? A kawo sunan mutum biyu, ba ɗaya ba, waɗanda suka san tsarin, a kuma rubuta yadda ake tayar da shi in ya faɗi. In babu mutum biyu, haya ta fi aminci, kuma babu kunya a cikinta.

Ta huɗu: ta san harshenmu? Haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, tun shekarun 1930 aka tsayar da su a rubutun boko, kuma Hukumar Talifi ta nan Zariya tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba su gurbi, amma ba kowace manhaja ke mu'amala da su yadda ya kamata ba. A gwada: a shigar da suna da ƙugiya, a neme shi babu ƙugiya, a gani ko zai fito. A gidan ɗinki, tsakanin baki da baƙi akwai asarar shadda guda. In manhajar haya ta gaza a nan, sai dai ka rubuta koke ka jira. In buɗaɗɗiya ce, kai da kanka kana iya gyarawa, ka kuma amfanar da duk mai rubutu da Hausa.

Ga malamai da ɗalibai

Duk abin da na faɗa a sama na mai sana'a ne, wanda burinsa ciniki ya tafi daidai. Makaranta kuwa hukuncinta dabam ne, kuma a nan ba ni da wata tantama: a koyar da yara a kan buɗaɗɗiyar manhaja. Dalili shi ne, abin da ke zama wahala ga ɗan kasuwa, wato buɗe ciki da gyara da lalatawa da sake tayarwa, shi ne ainihin darasi ga ɗalibi. Yaron da aka koya wa latsa maɓallan manhajar wani kamfani kawai, iliminsa yana tsufa ran da kamfanin ya sauya fuskar manhajar. Wanda ya fahimci yadda ake tsara rumbun bayanai, da yadda tebur ɗaya ke haɗuwa da wani, ya sami abin da zai yi aiki da shi shekara talatin.

Kada rashin kayan aiki ya zama uzuri. Tsohuwar kwamfuta guda, wadda aka jingine a sito, tana iya ɗaukar Linux da PostgreSQL, kuma da zarar an ɗora su ba sa bukatar intanet. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta tana iya fara da lissafin littattafan ɗakin karatu ko kayan ɗakin gwaje-gwaje: mene ne akwai, wa ya ara, yaushe zai mayar. Kada dai a fara da sakamakon jarrabawa ko bayanan iyaye, sai hannu ya faɗa. A sa 'yan aji biyar su gina, su rubuta bayanin aikinsu, su miƙa wa na bayansu kafin su fita. Ta haka za a koyi gini, a kuma koyi miƙa amana.

Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da tsofaffin makarantu irin su Barewa da Alhudahuda, bai kamata a ce mai ɗinki a Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana ya rasa wanda zai tsara masa littafin aiki ba. Ina kira ga sassan nazarin kwamfuta na manyan makarantunmu da su riƙa tura ɗalibai cikin birni lokacin aikin kammala karatu, su zauna a zaure su ga yadda sana'a ke tafiya, maimakon maimaita ayyukan da ake ɗaurewa a ajiye a kanta.

Shi kuwa ɗalibina, na hana shi taɓa komai sai bayan Sallah, domin ba a sauya tsari ana tsakiyar ruwa. Da hayaniya ta lafa, ya bar amsa saƙonni a inda take, ya fara gina littafin aikin a hankali, ya kuma jawo ƙanwarsa da ke aji biyar tana koyo tare da shi. Mahaifinsu ya gindaya sharaɗi guda: littafinsa na takarda yana nan, za a ci gaba da rubutu a cikinsa har sai na'urar ta yi Sallah biyu ba ta ɓatar da awon kowa ba. Na ce masa sharaɗin Baba ya fi duk shawarar da na ba shi, ya riƙe shi da kyau.

Allah Ya sa mu dace.